Mu Duba Abin Da Muke Rerawa A Majami'a: Darasi Daga Mawaƙan Kustantiniya

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wani ɗan abu ne da ya faru a kan idona, wanda har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya. Wata Lahadi na yi sujada a wata majami'a inda nake baƙo. Da aka ba matasa mawaƙa fili, sai aka ƙure amsa-kuwwa har ƙirjin mutum yana rawa, aka kama layi ɗaya tak na wata waƙar Turanci ana ta maimaitawa har kusan minti ashirin. Kusa da ni akwai wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata, da ɗankwalinta na zumunta, tana tafi tana murmushi, amma bakinta a rufe. Da aka tashi na je na gaishe ta, na ce, "Mama, yau ban ji muryarki ba." Sai ta ce, "Ɗana, ni dai ƙara na ji, ban ji magana ba."

Wannan amsa tata ita ce tushen abin da zan faɗa. Ra'ayina shi ne waƙar majami'a wa'azi ce, saboda haka ya wajaba a auna ta da mudun da ake auna wa'azi. Babu ikkilisiyar da za ta bar kowane mai wucewa ya hau mumbari ya faɗi abin da ya ga dama, amma ga shi mun bar ƙofar waƙa a buɗe, babu mai tambayar abin da kalmomin suke koyarwa. Domin in kafa hujja zan ɗauki mai karatu zuwa nesa, zuwa birnin Kustantiniya, wanda Hausawa suka fi sani da Santambul, a ƙasar Turkiyya ta yau. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Sarki Kustantin ne ya mayar da wannan birni babban birnin mulkinsa a shekara ta 330, a kan wani tsohon gari na Helenawa mai suna Bizantiyom. Daga sunan garin nan ne masana tarihi suke kiran daular da sunan Daular Bizantiya, ko da yake mutanenta Rumawa suke kiran kansu. Daular ta yi fiye da shekara 1,100 a tsaye, kuma harshen sujadarta shi ne Helenanci, wato harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. A cikin majami'unta ne aka tsara waƙoƙin da miliyoyin Kirista suke rerawa har yau a Girka da Rasha da Sabiya da Romaniya da ƙasar Sham.

Mutanen wancan zamani sun gane ƙarfin waƙa ne ta hanyar shan wuya. A farkon ƙarni na 4 wani firist na birnin Iskandariya ta Masar, mai suna Ariyus, ya fara koyar da cewa Ɗan Allah halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Ariyus mutum ne mai wayo. Bai tsaya ga muhawara da malamai kaɗai ba, sai ya zuba koyarwarsa cikin waƙoƙi masu sauƙin kamawa domin matuƙan jiragen ruwa da masu niƙa da matafiya. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Nikiya a shekara ta 325 ta ƙi koyarwar, ta kuma tsara shahadar bangaskiya, amma hukuncin majalisa bai cire waƙa daga bakin mai niƙa ba. Wajen shekara ta 400 mabiyan Ariyus suna nan suna zaga titunan Kustantiniya da dare suna rera nasu, har sai da bishop na birnin, Yohanna wanda ake yi wa laƙabi da Bakin Zinariya, ya shirya nasa jerin gwanon masu waƙa domin kada a janye masu bi.

Haka kuma ya faru a birnin Edessa. A can waƙoƙin wani malami mai suna Bardaisan ne suka kama bakin jama'a, suna ɗauke da koyarwar da ikkilisiya ba ta yarda da ita ba. Dikon Ifraimu na Suriya, wanda ya rasu a shekara ta 373, ya ga cewa ba a kashe waƙa da tsawa, sai da waƙar da ta fi ta. Ya zauna ya tsara ɗaruruwan waƙoƙin koyarwa cikin harshen Suriyanci, kuma marubutan ikkilisiyarsa sun shaida cewa ya koyar da su ga ƙungiyoyin mata domin su rera a cikin taro. Ashe aikin da 'yan Zumuntar Mata suke yi a cikinmu yana da tsohon asali.

To, a kan wannan harsashi ne babban gwanin mawaƙan Kustantiniya ya yi gini, wato Romanos, wanda ake kira Mai Waƙa. An haife shi a garin Emesa, wanda yau ake kira Homs a ƙasar Siriya, wajen ƙarshen ƙarni na 5. Ya yi aikin dikon a Berut, sa'an nan ya ƙaura zuwa Kustantiniya a zamanin Sarki Anastasiyus, wanda ya yi mulki daga 491 zuwa 518. Labarin da ikkilisiyar gabas ta gada ya ce da fari Romanos ba shi da murya, har abokan aikinsa suna yi masa ba'a. A wani daren Kirsimati ya yi barci da baƙin ciki, ya ga Maryamu uwar Yesu a mafarki ta miƙa masa naɗaɗɗen littafi ta ce ya haɗiye. Da ya farka sai ya hau mumbari ya rera waƙarsa ta haihuwar Almasihu. Ko mai karatu ya karɓi labarin mafarkin ko bai karɓa ba, ya lura da inda aka ɗauko hoton. Annabi Ezekiyel ne aka ba littafi ya ci kafin a aike shi ya yi magana (Ezekiyel 3:1-3). Abin da masu ba da labarin suke nufi a fili yake: mawaƙin ikkilisiya sai ya ci Maganar Allah ta sauka cikinsa kafin ya buɗe baki.

Irin waƙar da Romanos ya ƙware a kai ana kiranta kontakiyon. Duk wanda ya saba da rubutattun waƙoƙin wa'azi na Hausa zai gane tsarinta nan da nan. Tana farawa da ɗan gajeren mabuɗi, sa'an nan baitoci su biyo baya, sau da yawa 18 zuwa 24, kowane baiti da yawan gaɓoɓi daidai da na ɗan'uwansa domin kari ɗaya ya ɗauke su duka. Kowane baiti yana ƙarewa da amshi guda, ɗan gajere. Mawaƙi shi kaɗai yake jan baitoci daga kan mumbari, jama'a kuma su karɓi amshi. Bugu da ƙari, idan aka tattara harafin farko na kowane baiti sai su ba da sunan mai waƙar, kuma Romanos yakan haɗa sunansa da kalmar da ke nufin ƙasƙantacce. Marubutan waƙoƙinmu na Hausa su ma sukan saka sunansu a baitin ƙarshe, saboda haka wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu.

An fi rera waɗannan waƙoƙi ne a taron addu'ar dare kafin manyan bukukuwa, bayan an karanta nassi, kuma masu sauraro talakawan birni ne, da yawansu ba su iya karatu ba. Romanos yakan ɗauki labarin da aka karanta ya ba mutanen cikinsa baki su yi magana. A waƙar Kirsimati, Maryamu tana magana da jaririnta, masanan nan na gabas suna ba da labarin tafiyarsu. A waƙar Ibrahim da Ishaku, ya jiyar da mu abin da Saratu za ta ce game da ɗanta tilo. A wata kuma, mace mai zunubi tana ciniki da mai sayar da turare kafin ta je gidan Bafarisiye. Akwai ta Yusufu da matar Fotifa, da ta musun Bitrus, da ta Yahuza, da wadda Shaiɗan da Mutuwa suke zargin juna a ranar gicciye domin sun ga cewa sun yi hasara. Mai dako da mai wanki suna tsaye cikin dare, suna karɓar amshi sau ashirin da wani abu, kuma kafin gari ya waye sun koma gida da babi guda na Littafi Mai Tsarki a ka. An ce ya tsara waƙoƙi dubu. Waɗanda suka iso gare mu, masana kuma suka tabbatar nasa ne, wajen 60 ne.

Romanos bai kuma rufe idonsa ga abin da ke faruwa a gari ba. A watan Janairu na 532 aka yi tarzomar da ake kira Nika, inda 'yan kallon sukuwar dawaki suka tayar wa Sarki Jastiniyan. Wuta ta cinye babban yanki na birnin har da babbar majami'a, sojojin sarki kuma suka kashe wajen mutum 30,000 a filin sukuwa. Romanos ya tsara waƙa a kan girgizar ƙasa da gobara, ya kira jama'a ga tuba, ya kuma ambaci sake gina majami'ar. Ginin nan shi ne Hagiya Sofiya, wato Hikima Mai Tsarki, wanda aka keɓe ran 27 ga Disamba, 537. Mu da muka ga majami'u da masallatai da kasuwanni sun ci wuta a garuruwanmu, ya kamata mu tambayi kanmu: waƙoƙi nawa muke da su da mai makoki zai rera? Littafin Zabura cike yake da kuka da tambaya, amma mawaƙanmu na yau kusan duk nasara da buɗi da ƙarin girma suke rerawa, sai ka ce babu gwauruwa ko maraya a cikin taro.

Sai dai a nan ina da ja da Romanos, kuma gara in faɗa. Waƙar tasa ta fi karkata ga nuna zunubin talakawa da ibadar sarki da sarauniya, alhali kuwa jinin da ya zuba a filin sukuwa da umarnin fada ya zuba. Mawaƙin da ya zauna kusa da fada, da wuya harshensa ya miƙe sosai. Wannan gargaɗi ne ga mawaƙanmu waɗanda suke tsayar da yabon Allah a tsakiyar sujada domin su ambaci sunan wani ɗan siyasa ko attajirin da ya shigo. Roƙo sana'a ce mai wurinta a ƙofar gidan biki. A gaban bagade kuwa suna ɗaya ne ake ɗaukakawa.

Rumawan gabas ba su ɗauki aikin waƙa abin wasa ba. A cikin wata doka ta shekara ta 535, Sarki Jastiniyan ya ƙayyade ma'aikatan babbar majami'a: firistoci 60, dikononi maza 100, dikononi mata 40, ƙananan dikononi 90, masu karatu 110, mawaƙa 25, ban da masu tsaron ƙofa 100. Wato mawaƙi ma'aikaci ne da aka horar, aka keɓe, ake kuma ciyarwa. A shekara ta 692 kuma wata majalisar bishop-bishop da ta zauna a fadar Kustantiniya, wadda ake kira majalisar Turullo, ta kafa doka ta 75, inda ta hana masu waƙa a majami'a yin ihu barkatai da tilasta wa murya har ta koma kururuwa, ta kuma hana shigo da abin da bai dace da gidan Allah ba. Mai karatu ya lura, shekara fiye da 1,300 ke nan, tun ba a san wutar lantarki ba balle amsa-kuwwa. Ashe ciwon tsoho ne, na'ura ce kawai ta ƙara masa ƙarfi.

Akwai kuma wata baiwar Allah da ya kamata 'yan matanmu su san sunanta, wato Kasiya, wadda aka haifa a Kustantiniya a farkon ƙarni na 9. Tun tana yarinya ta yi fice a ilimi, har babban shugaban masu zuhudu Tiyodo na gidan Situdiyos ya rubuta mata wasiƙu yana yaba basirarta. Marubutan tarihin daular sun ce wajen shekara ta 830 an tara kyawawan 'yan mata domin matashin Sarki Tiyofilos ya zaɓi mata. Da ya iso gaban Kasiya sai ya gwada ta da maganar cewa ta wurin mace ne mugunta ta shigo duniya, yana nufin Hauwa'u. Ita kuwa ba ta sunkuyar da kai ba, ta amsa cewa ta wurin mace ne kuma mafificin alheri ya zo, tana nufin haihuwar Almasihu. Sarki ya ji haushi ya wuce, ya zaɓi wata mai suna Tiyodora. Kasiya ta rasa gadon sarauniya, ta kafa gidan zuhudu na mata a cikin birnin, ta duƙufa ga rubutu. Wajen waƙoƙi 50 ake danganta mata, 23 daga ciki suna cikin littattafan sujada na ikkilisiyar Otodoks. Wadda ta fi shahara ita ce ta macen nan mai zunubi da ta wanke ƙafafun Yesu da hawayenta (Luka 7:36-50), kuma har yau a Girka jama'a sukan cika majami'u ranar Talata da dare a makon gicciye domin su saurare ta. Sarakuna da yawa sun hau sun sauka an manta da su, muryar Kasiya tana nan.

Na ukunsu shi ne Yohanna na Dimashƙu, wanda ya rayu daga wajen 675 zuwa wajen 749. Shi bai zauna a ƙarƙashin sarkin Rum ba. Mahaifinsa Sarjun ɗan Mansur babban ma'aikacin baitulmali ne a fadar halifofin Banu Umayya, Kirista ne kuma bai ɓoye ba. Yohanna ya bar Dimashƙu ya koma zaman zuhudu a ƙasar Falasɗinu, inda ya rubuta littattafan tauhidi da waƙoƙi. Waƙarsa ta tashin Almasihu ce ake buɗe bikin Ista da ita a majami'un gabas har yau, kuma wani limamin Angilika, John Mason Neale, ya juya wasu sassanta zuwa Turanci a 1862, daga nan suka shiga littattafan waƙoƙin Turawa. Al'adar ikkilisiya tana kuma danganta masa tsara muryoyi takwas na waƙar sujada, kowane mako da muryarsa, in an kai ta takwas a koma ta fari. Hikimar wannan tsari ita ce jama'a suna sake haɗuwa da kari ɗaya a kai a kai har ya zauna musu. Mu kuwa kowace Lahadi da sabuwar waƙar da aka kwaso daga waya, kafin tsofaffi su kama ta an jefar an ɗauko wata. Rayuwar Yohanna ta kuma nuna cewa zama cikin maƙwabta Musulmi bai hana Kirista zurfafa cikin bangaskiyarsa ya kuma yi aiki mai kyau ba.

Na san akwai masu cewa, mu ina ruwanmu da waɗannan mutane, masu sujada da gumakan zane da turaren wuta da roƙon tsarkaka? Gaskiya ne akwai abubuwan da da yawa daga cikinmu ba su yarda da su ba a al'adar Otodoks, ban kuwa zo in ɓoye wannan ba. Amma mu tuna Romanos da Kasiya da Yohanna duk sun rayu kafin rabuwar gabas da yamma ta 1054, balle gyaran ikkilisiya da Martin Luther ya fara a 1517. Shahadar bangaskiyar Nikiya da suka tsare da waƙoƙinsu ita ce wadda Katolika da Angilika da masu bishara suke riƙe da ita. Kakannin kowa ne. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wasu kuma za su ce ni tsoho ne mai ƙin ganga da jita, ina so a mayar da majami'a makabarta. Ko kusa. Gaskiya ne majami'un Kustantiniya da murya kaɗai suke waƙa. Suna da babban abin busa mai bututu da yawa da ake kira ogan, har Sarki Kustantin na Biyar ya aika wa Sarki Pepin na Faransawa da guda a 757, amma a fada da filin sukuwa suke amfani da shi. Wannan zaɓinsu ne, ba doka ce daga Sina'i ba. Zabura 150 ta kira ƙaho da molo da ganga da kuge su yabi Ubangiji. A nan nahiyarmu, ikkilisiyar Habasha, wadda take danganta waƙoƙinta ga Yared na Aksum, tsaran zamanin Romanos, da ganga da kacau-kacau take sujada tun fil azal. Tulun da iyayenmu mata suke bugawa bai taɓa danne maganar waƙa ba, rakiya yake yi mata. Abin da nake ƙi shi ne bara ya hau kujerar ubangidansa, wato kiɗa ya haɗiye kalma.

Maimaici ma ba laifi ba ne. Zabura 136 ta maimaita amshi ɗaya sau 26. Amma a duba, tsakanin kowane amshi da na gaba akwai sabon labari: halittar sama da ƙasa, fitowa daga Masar, raba Bahar Maliya, tafiyar jeji. Haka Romanos ya yi. Amshi ƙofa ce da jama'a suke shiga cikin waƙa ta wurinta, baiti kuma shi ne ɗakin da aka ajiye abinci. Abin da ya same mu shi ne mun riƙe ƙofa mun rushe ɗakin.

Sai batun harshe, wanda shi ne ainihin kukan tsohuwar nan. A shekara ta 863 Kustantiniya ta aiki wasu 'yan'uwa biyu mutanen Tasalonika, Kirilus da Metodiyus, zuwa ƙasar Morabiya a tsakiyar Turai. Suka ƙirƙiro haruffa domin harshen Silabawa, suka juya nassi da addu'o'in sujada zuwa harshen mutanen. Wasu limaman yamma suka tayar musu, suna cewa harsuna uku kaɗai suka cancanci yabon Allah, wato Ibrananci da Helenanci da Latinanci, domin da su aka rubuta sanarwar da ke kan gicciye. Kirilus ya ƙi wannan magana, Paparoma Adiriyan na Biyu kuma ya amince da littattafansu. Yau mu da kanmu muke neman kafa dokar harshe ɗaya, muna ganin waƙa ba ta waye ba sai da Turanci. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ga kuma harsunan iyayenmu na gida da dama da aka juya nassi cikinsu. Manzo Bulus ya ce zai yi waƙa da ruhu, zai kuma yi da fahimta (1 Korantiyawa 14:15). Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kada kuma mu zaci Rumawan gabas ba su yi tuntuɓe ba, domin tuntuɓensu ma darasi ne. Da tafiya ta yi tafiya, aka datse dogayen waƙoƙin Romanos, ya zamana mabuɗi da baiti na fari kaɗai ake rerawa a yawancin bukukuwa. A ƙarni na 14 kuma gwanaye irin su Yohanna Kukuzelis suka kawo salon ƙawata murya, har akwai wuraren da mawaƙi zai daɗe yana jan gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ana sha'awar gwanintarsa. Daɗin ji kam akwai, amma jama'a sun koma 'yan kallo. Abin da ya fi ban tausayi shi ne ba a fara rubuta alamomin kari a littattafai ba sai wajen ƙarni na 10, kusan shekara 400 bayan rasuwar Romanos, saboda haka kalmominsa sun iso gare mu amma muryar da ya rera su da ita ta tafi tare da waɗanda suka ji shi.

Wannan hasara tana ƙofar gidanmu. Akwai ɗaruruwan waƙoƙi da iyayenmu na Zumuntar Mata da 'yan Sabon Rai da masu bishara na ƙauyuka suka tsara da ka, waɗanda suke ba da labarin ɗan ɓatacce da budurwai goma da Zakka da Li'azaru daga farko har ƙarshe. Yawancinsu ba a rubuce suke ba. Duk tsohuwar da muka kai kabari, da kundinta take tafiya. Romanos ba shi da na'urar ɗaukar murya, mu kuwa kowane matashi yana da ita a aljihu. Idan muka bar waɗannan waƙoƙi suka ɓace, ba mu da hujjar da za mu ba jikokinmu.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ta fari, kowace majami'a ta sa fasto da dattijo ɗaya ko biyu su riƙa karanta kalmomin sabuwar waƙa kafin a rera ta a sujada, su tambaya daga wane nassi ta fito, me kuma take koyarwa game da Almasihu. Ta biyu, makarantunmu na Littafi Mai Tsarki su buɗe darasi domin masu tsara waƙa, ikkilisiya kuma ta ɗauki nauyin karatunsu kamar yadda take ɗaukar na masu wa'azi, mata da maza. Ta uku, a rage ƙarar na'ura har sai wanda ke kujerar baya ya iya jin muryar na kusa da shi, a kuma tabbata kowace Lahadi akwai waƙoƙi cikin harshen da mafi yawan masu sujada suke ji. Ta huɗu, ƙungiyar matasa ta kowace majami'a ta ɗauki wannan shekara ta zauna da tsofaffi, ta ɗauki muryoyinsu, ta rubuta kalmomin, a ajiye a ofishin ikkilisiya da sunan wanda ya tsara kowace waƙa.

Ran 29 ga Mayu, 1453, sojojin Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu suka ci Kustantiniya. Hagiya Sofiya ta zama masallaci, a 1934 aka yanke a mayar da ita gidan tarihi, a 2020 kuma aka sake mayar da ita masallaci. Fada ta tafi, rundunar yaƙi ta tafi, babbar majami'a ta fita daga hannun waɗanda suka gina ta. Abin da masu bi suka tsira da shi shi ne abin da ke cikin bakinsu, suka riƙa miƙa shi daga malami zuwa almajiri, har a 2019 hukumar UNESCO ta sa waƙar sujada ta Bizantiya cikin jerin kayan gadon 'yan Adam. Mu ma akwai 'yan'uwanmu da suka gudu daga ƙauyukansu ba su ɗauki ko Littafi Mai Tsarki ba, abin da suka isa sansanin gudun hijira da shi shi ne waƙoƙin da suka haddace. To, ranar da aka raba yaranmu da gini da na'ura da littafi, me muka sa a bakinsu da zai riƙe su?

Allah ya ba shugabanninmu na ikkilisiya hikima, ya ba mawaƙanmu yunwar Maganarsa, ya kuma sa ranar da zan koma majami'ar nan in tarar da Mama tana waƙa. Amin.